Juya Mota Zuwa Gas: Yadda Ake Gano Ɓarnar Cikin Inji Da Yadda Ake Gyara Ta

LEGAS – Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk wani mai sana'ar sufuri a Nijeriya ya canja. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a wurare da dama cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta kai Naira 1,000 a wasu biranen. A daidai wannan lokaci ana sayar wa ƙananan motoci iskar gas da aka matse, wadda aka fi sani da CNG, a kan kimanin Naira 230 kowace kubik mita, ga shi kuwa kubik mita ɗaya tana yin aikin da ya yi kusa da na litar fetur guda. Wannan rata, tare da shirin juya motoci zuwa gas da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2023, ita ta sa masu motocin haya da masu dakon kaya da 'yan kasuwa suka riƙa kai motocinsu ana sa musu tukunyar gas.

Ribar a bayyane take. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne halin da injin yake shiga bayan an juya shi. Injin da aka ƙera domin fetur, aka kuma ɗora masa wani makamashin dabam, ya riga ya tashi daga tsarin da masu shi suka yi masa, saboda haka in ya kamu da ciwo, bakaniken da ya duba shi da idon da ya saba duba sauran motoci yana iya yin kuskure. Ga ɗan kasuwa kuwa inji shi ne uwar kuɗi. Motar da ta kwanta mako biyu a gareji ta ci kuɗin gyara, ta ci kuɗin balas na kwana goma sha huɗu, wani lokaci ma har da direban, domin ba kowane direba ne yake iya zaman jira ba.

Ya kamata kuma a tuna cewa yawancin motocin da ake juyawa ba gas ne taɓi na farko da aka yi musu ba. Abu ne sananne a garejojin ƙasar nan cewa da zarar mota ta iso daga Turai ko Amurka, sai a cire mata tamostat, watau bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumi, a kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye yadda za ta tashi da zarar an murɗa makulli. Wasu an fasa musu matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. Wasu an taɓa goge kan injinsu sau ɗaya ko sau biyu, wasu kuma injin ma ɗungurungum ba nasu ba ne na asali. Duk waɗannan suna da tasiri a kan abin da zai faru idan gas ya shigo.

Inda gas yake taɓa inji

Ta wata fuskar, gas ya fi fetur tausaya wa inji. Ba ya tara baƙin toka a kan fistin, ba ya wanke bakin mai daga bangon silinda, kuma yana jure matsi ƙwarai, domin ƙarfin jurewarsa ya kai 120 ko fiye a ma'aunin oktan, alhali fetur na kasuwa yana wajen 90 da ɗoriya. Matsalarsa guda ce babba: busasshe ne. Fetur yana shiga silinda ne a matsayin feshin ruwa, yana sanyaya bawul ɗin shiga a lokacin da yake zama tururi, sannan ƙonewarsa tana barin wani ɗan siririn dauɗa a mazaunin bawul ɗin fita wanda ke zama kamar matashi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Gas ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bawul ɗin fitar da hayaƙi shi ne abin da ya fi kowane shan wuta a cikin inji. Zafinsa yakan kai digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas. A injin da ke juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 1,500 a wannan minti guda, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na zafin da ya ɗauka yana sauke shi ne ta mazauninsa a ɗan lokacin da yake rufe. Idan babu wancan matashi, sai ƙarfen bawul ya riƙa mannewa da na mazauni yana ɓantarar sa kaɗan-kaɗan, har bawul ɗin ya nutse cikin kan inji. Yana nutsewa, tazarar da aka bari tsakanin jelarsa da abin da ke danna shi tana raguwa. Ranar da tazarar ta ƙare, bawul ba zai ƙara rufuwa sosai ba, ba zai samu inda zai sauke zafinsa ba, wuta kuma za ta riƙa bi ta gefensa har ta ci bakinsa kamar yadda wutar walda ke cin ƙarfe.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne ga tsofaffin kanikawa. A zamanin da Peugeot 504 ta masana'antar Kaduna take tashe, fetur yana ɗauke da sinadarin darma, kuma darmar nan ita ke kare mazaunin bawul. Da aka daina sa ta a fetur, abin da ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka kammala a farkon 2006, tsofaffin injuna masu mazauni mai laushi sun fuskanci irin wannan nutsewa. Injunan da aka ƙera daga baya suna da mazauni mai tauri wanda ya isa ga fetur marar darma, to amma ba dukkansu ne suka isa ga gas ba. Motocin da suka fito daga masana'anta da tsarin gas, kamar wasu nau'o'in Keke masu ƙafa uku na Bajaj da TVS, tun can aka zaɓa musu ƙarfen da ya dace.

Abin da ya fi ruɗar mai mota a nan shi ne, alamar farko ta wannan ciwo shiru ce. Injin da a da ake jin 'yar ƙaran-ƙaran ɗin bawul a samansa sai a ji ya yi tsit, mai mota ya yi murna cewa gas ya gyara masa inji, alhali kuwa tazara ce ta rufe. Daga baya sai mota ta fara karkarwa a tsaye, tana mutuwa a wurin ba da hannu, tana nauyin hawa gada, musamman idan ta yi zafi.

Hanya ta biyu da ɓarna ke shiga ita ce ta rashin daidaiton gas da iska. Fetur yana bukatar iska ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone daidai, gas kuwa yana bukatar kimanin ninki 17. Bugu da ƙari, da yake gas yana cin wurin da iska za ta shiga, motar da aka juya takan rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta, wannan kuwa ba ciwo ba ne, ɗabi'ar abin ce. Ciwon yana farawa ne idan mai mota ya roƙi mai saiti ya rage masa gas domin tukunya ta daɗe, ko matatar gas ta toshe, ko nozul ɗin da aka sa ya yi wa injin ƙanƙanta. Cakuɗen da gas ya yi ƙaranci a cikinsa yana ci a hankali, har bawul ɗin fita ya buɗe wuta ba ta gama ci ba. Motar da take ɗauke da lodi a kan doguwar hanya, kamar daga Legas zuwa Kano ko daga Onica zuwa Jos, tana iya shafe sa'o'i a wannan hali direba bai sani ba. Abin da aka ajiye a kuɗin gas sai a biya shi ninki-ba-ninki a kan inji.

A nan ne cire tamostat yake nuna illarsa. Gas yana zaune a tukunya a kan matsin bar 200, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka. Na'urar da ke rage wannan matsi, watau regileta, tana yin sanyi ƙalau yayin da gas ke buɗewa a cikinta, don haka ake jona ta da ruwan inji domin ya ɗumama ta. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da asuba ko a cikin hunturu, saboda haka regileta ba ta ba da gas daidai, sannan a duk lokacin da motar take kan fetur kwamfutarta tana ƙara mata mai bisa zaton har yanzu injin bai farka ba, man nan kuma yana wanke bangon silinda yana cinye ringi. Har ila yau, a injuna da yawa tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya je lagireto ba. In an cire shi, wani kaso na ruwan zai ci gaba da bin wannan hanya, injin ya yi zafi a cunkoso duk da fankar da ke ta aiki.

Bincike kafin a kwance

Babbar asarar da ake yi a wannan fanni ita ce ta sauke inji kafin a san ciwonsa. Bincike yana da matakai, kuma na farkonsu ba sa cin ko kwabo.

Motar da ke amfani da makamashi biyu tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: ana iya gwada ta a kan kowanne. In tana tafiya lafiya a kan fetur amma tana shaƙewa a kan gas, to da wuya ciwon ya zama na cikin inji. A duba fulogi da kwayil tukuna, domin gas ya fi fetur wuyar kamawa, fulogin da zai iya kunna fetur yana iya gazawa a kansa. Sannan a duba matatar gas da regileta da saiti. In kuwa alamar tana nan a kan duka biyun, zargi ya koma ciki.

Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi na nufin bakin mai yana ƙonewa: in da safe ne kawai, ko bayan doguwar tsayuwa, robobin jelar bawul ne ake zargi, in yana ƙaruwa ne da an taka totur, ringi ne. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi ɗumi, tare da raguwar ruwa a lagireto ba tare da an ga inda yake zuba ba, alamar gasket ce ko tsagewar kan inji. Sai dai a lura, gas yana fitar da tururin ruwa fiye da fetur, don haka ɗigar ruwa daga salansa da sanyin safiya ba abin tashin hankali ba ne. Bakin man da ya koma kamar shayi da madara ya haɗu da ruwa, kuma motar da aka ga haka a cikinta bai kamata a ƙara tayar da ita ba. Akwai kuma yaudarar da gas yake yi: bakin mai yana daɗewa bai yi duhu ba, sai direba ya ga kamar sabo ne ya ƙi juye shi, alhali zafi ya riga ya kashe sinadaran da ke cikinsa. Lokacin juye mai yana bin kilomita ne, launi ba hujja ba ne.

Ƙara iri-iri ce. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙaruwa da an ba da wuta, kuma take raguwa idan aka kashe silinda guda, ta metal ɗin kwanrod ce, watau abin da ake cewa inji ya fara bugawa. Ƙarar da ake ji da sanyi ta ɓace da ɗumi takan zama fistin ne ya yi sako-sako a raminsa. Akwai kuma wata siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, da ake ji a hawa idan mota tana kan fetur. Wannan ita ce ƙonewar da ba ta jira lokacinta ba, kuma tana yawan faruwa a motar da aka tura wa lokacin wuta gaba domin gas, aka kuma bar shi haka ko da ta koma fetur, ko wadda aka goge kan injinta fiye da kima. In ta daɗe tana fasa gefen fistin inda ringi ke zama.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur da aka sayar a Tarayyar Turai daga 2001, duk suna da ramin jona na'urar bincike. Lambar P0301 zuwa P0304 tana nuna silindar da ke fashin wuta a inji mai huɗu, P0171 kuwa tana nuna ƙarancin makamashi a cakuɗe. Na'urar tana nuna inda za a duba ne kurum, ba ta ganin ƙarfe. Garejin da ya goge lamba ya karɓi kuɗi bai yi gyara ba.

Gwajin da ya fi kowane amfani, kuma mai arha, shi ne awon matsi, wanda kanikawa ke kira kwamfureshan. Ana cire fulogi duka, a rufe gas da fetur, a buɗe totur, a ɗaura agogon awo a ramin fulogi, a juya injin da sitata. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin bar 10 zuwa 14 gwargwadon ƙirarsa, amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne daidaito: bambanci tsakanin silinda mafi ƙarfi da mafi rauni bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. In guda ta yi ƙasa, sai a zuba mata cokali ɗaya na bakin mai a sake gwadawa. In adadin ya tashi sosai, ringi ne ko bango, domin man ya toshe musu rata na ɗan lokaci. In bai motsa ba, bawul ne. In silinda biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gasket ta ƙone a tsakaninsu.

Garejin da ke da kwamfureso yana iya ƙarasa magana da gwaji na biyu. Ana kai fistin ƙololuwarsa bawuloli suna rufe, a hura iska ta ramin fulogi, sannan a kasa kunne. In iska tana fita ta salansa, bawul ɗin fita ne. In ta wajen matatar iska ce, na shiga ne. In ta bakin zuba mai ce, ringi ne. In kuwa kumfa ta taso a lagireto, gasket ce ko tsaga. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake gwada numfashin lagireto da shi, wanda ke komawa ruwan ɗorawa idan hayaƙi yana kutsawa cikin ruwa. Ƙaramar kyamarar nan mai kama da igiya, wadda a yanzu ake jona ta da wayar hannu, tana nuna saman fistin da bangon silinda ba tare da an kwance ƙusa ɗaya ta kan inji ba.

Amma ga motar gas, kada a yanke hukuncin sauke kan inji sai an auna tazarar bawul da siraran ƙarafan awo. Sau da yawa silindar da ta nuna raunin matsi ba ta ƙone ba tukuna, tazara ce kawai ta rufe, kuma da an mayar da ita matsi zai dawo. Sauƙin wannan aiki ya danganta da irin injin. Injunan Honda irin na Accord mai silinda huɗu suna da noti da ake juyawa, aikin sa'a guda ne. Injin Corolla 1ZZ da na Camry 2AZ sai an ɗaga kamshaf an canja ƙoƙon da ke kan bawul da wani mai kaurin da ya dace. Injin Hiace 2TR yana daidaita kansa da matsin mai, abin da ke rage wahala, amma kuma yana iya ɓoye nutsewa har sai ta wuce iyakar da zai iya rufewa.

Dangane da ƙasan inji, fitilar mai da ke kan dashbod ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa, saboda haka ana ɗaura agogo na gaske a auna injin yana da zafi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kimanin bar 0.7 ga kowane juyi 1,000. In ya gaza haka, sai a kwance kwanon mai a duba. Ƙyalƙyali mai launin jan ƙarfe a cikin man ko a matatarsa shaida ce cewa metal ya cinye har ciki.

Adalci kuma ya wajaba: ba kowane ciwo ne laifin gas ba. Injin 2AZ na wasu motocin Camry na 2007 zuwa 2009 an san shi da shan bakin mai tun yana kan fetur, kuma kamfanin da kansa ya amince da haka. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, masu motoci da dama kuma suka koka da lalacewar injunansu, tun kafin gas ya yaɗu. Wannan ne ya sa ya fi dacewa a auna matsi a rubuta shi kafin a juya mota, domin ranar da gardama ta tashi tsakanin mai mota da wanda ya yi aikin a samu abin dubawa.

Gyara, da lissafinsa

In ciwon a sama yake, ana sauke kan inji a kai wa masu injin goga. Za a gwada shi da matsi a ga ko ya tsage, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna lanƙwasarsa; a injuna da dama masu kan alminiyam iyakar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba. Goga tana da iyaka, domin kowane yanka yana ƙara matsi yana kuma ɗan karkatar da lokacin bawul. Bawul ɗin da ya ƙone canja shi ake yi. Mazaunin da ya nutse kuwa ba a warkar da shi da niƙa da man goga. Wannan ƙara nutsar da shi yake yi. Cire shi ake yi a dasa sabo mai tauri, a yanka masa kusurwa daidai, a duba bututun da jelar bawul ke bi, a sa sababbin robobi. Wanda ya tsallake wannan mataki domin rage kuɗi, zai dawo da motar a kan ciwo guda. Ƙusoshin kan inji a motocin zamani irin waɗanda ake ɗaurewa ne har su ɗan miƙe, don haka ko dai a canja su ko a auna su bisa littafin mai ƙira, kuma a ɗaure su da sifana mai awo, bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe. Ƙarfin dantsen yaron gareji ba ma'auni ba ne.

In a ƙasa yake, aiki ya yi nisa. Sanannen abin da ake yi shi ne a zuba ringi da metal a rufe, to amma sabon ringi a ramin da ya cinye ya zama kamar ƙwai ba zai riƙe matsi ba. Sai an auna ramin sama da ƙasa. In ya wuce iyaka a faɗaɗa shi zuwa mataki na gaba, yawanci milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistin mai girman haka, ko a dasa masa sabuwar riga. Wasu injunan alminiyam masu siririyar riga ma masu ƙirarsu ba su yarda a faɗaɗa su ba. Karanshaf da ya ji rauni ana goge shi a sa metal mai kaurin da zai cike gurbin, ratar da ake nema tsakaninsu kuwa ba ta kai kaurin silin gashi ba, wajen milimita 0.02 zuwa 0.06. Bayan injin ya buga, ɓarɓashin ƙarfe yana maƙalewa a duk hanyoyin mai da famfonsa, kuma rashin wanke su shi ne dalilin da ya sa injin da aka gyara yakan sake bugawa cikin makonni.

A nan ne ɗan kasuwa zai zauna da alƙalami, ya kwatanta gyara da sayen injin tokunbo daga Ladipo a Legas, ko Nkwo a Nnewi, ko Mgbuka kusa da Onica, ko Agodi Gate a Ibadan, ko Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kayan da ake shigowa da su kuma suka bi ta. Wannan ya dawo wa gyara da martabarsa. A taƙaice, ciwon sama kusan kullum gyara ya fi araha, kuma kan injin da aka dasa wa mazauni mai tauri ya fi na tokunbo dacewa da gas. In kuwa kwanrod ya lanƙwashe, ko bulok ya tsage, ko babu amintaccen mai goga a kusa, saye ya fi. A cikin lissafin a sa kwanakin zama: aikin ƙasa yana iya cin mako biyu, ɗora wani injin kuwa kwana biyu ko uku ne, kuma ga motar da ke kawo balas kullum wannan rata kuɗi ce.

Injin tokunbo shi ma sayen kifi ne a ruwa in ba a gwada shi ba. A auna matsinsa kafin a biya, a leƙa ƙarƙashin murfinsa a ga ko mai ya daskare, a tabbatar ya dace da kwamfutar motar, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, a kuma rubuta kwanakin garanti. Da bakanike ma a yi yarjejeniya a rubuce: adadin da aka auna, kayan da za a canja, da sharaɗin dawo wa mai mota da tsofaffin.

Akwai batun tsaro da ba a wasa da shi. Kafin a taɓa inji ana rufe bawul ɗin tukunya a ƙone gas ɗin da ya rage a bututu, kuma ba a kusantar tukunya da wutar walda. Tukunyar CNG ƙirar musamman ce marar ɗinki, bisa ƙa'idar ISO 11439, wa'adinta kuma ba ya wuce shekara 20. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan sayar da gas a Benin, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka ce tukunyar haɗin walda ce wadda ba a amince da ita ba.

Bayan an haɗa inji, sai a koma kan abin da ya jawo ciwon tun farko. A mayar da tamostat, wanda a yawancin motoci yake buɗewa tsakanin digiri 80 da 90, a mayar da fanka kan na'urarta, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya mai tara tsatsa. Motocin da aka sa wa tsohon tsarin gas mai zuba shi a bakin bututun iska, alhali bututun na roba ne, sun fi dacewa da tsarin da ke ba kowace silinda nozul ɗinta, domin wutar da ke komowa baya tana iya fasa robar. A bar injin ya yi kilomita 1,000 na farko a kan fetur ba tare da lodi mai nauyi ba, a juye mai, sannan a sake saitin gas a kan hanya da na'ura a jone, motar tana ɗauke da irin nauyin da take aiki da shi. Kada tankin fetur ya bushe, domin famfon da ke cikinsa man ne ke sanyaya shi.

Masu motoci da yawa za su amfana da ajiye littafi ga kowace mota. A auna tazarar bawul bayan gyara a rubuta, a sake aunawa bayan kilomita 10,000. In adadin bai motsa ba, ana iya tsawaita awon zuwa kowane kilomita 20,000 ko 30,000. In kuwa tazarar bawul ɗin fita ta ragu a awo biyu a jere, to mazauni ya fara tafiya, kuma a wannan mataki gyaran bai wuce daidaita tazara da ƙara gas a saiti ba.